Garin furotin ga matasa masu ɗaga ƙarfe: a yi lissafi kafin a saya

Da zarar yaro ɗan shekara 15 ko 16 ya fara ɗaga ƙarfe, ba a jimawa zai zo da maganar garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Ya ga manya a wurin motsa jiki suna kaɗa shi a gora, ya ga masu bidiyo a TikTok da Instagram suna nuna damatsa, sai ya ɗauka sirrin yana cikin robar nan. Iyaye kuma sukan rabu biyu. Wasu su ce ai ƙwaya ce, su hana. Wasu su saya don kada a ce sun tauye yaro. Da wuya ka sami wanda ya juya robar ya karanta bayanta.

Garin furotin abinci ne, kuma mafi yawansa daga madarar shanu yake fitowa. Idan aka sa madara ta tsinke wurin yin cuku, takan rabu gida biyu: gudaji da ruwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin madara yana tafiya da gudajin, shi ake kira kesin. Sauran kashi 20 yana cikin ruwan. Ruwan nan ake tacewa a busar ya zama garin da ake rubuta wa whey a jikin roba. Wanda aka yi wa matsakaiciyar tacewa yakan kai kashi 70 zuwa 80 na furotin, sauran kuma sukarin madara ne da ɗan kitse. Wanda aka tace sosai, mai suna isolate, yakan kai kashi 90 ko fiye. Akwai kuma na waken soya, da na koren wake, da na shinkafa. Cokalin awon da ke cikin robar yakan ɗauki kamar giram 30 na gari, ya ba da furotin giram 20 zuwa 25. Abin da ke cikin dafaffen ƙwai huɗu ke nan, ko madara kofi uku. Babu wani abu a cikinsa da ke umartar tsoka ta girma wanda babu shi a kwanon abinci.

Nawa jiki yake buƙata

Ma'aunin da hukumomin abinci na Amurka da Kanada suka tsayar ga 'yan shekara 14 zuwa 18 shi ne giram 0.85 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. A taƙaice ana cewa giram 52 ga namiji, 46 ga mace. Wannan na wanda ba ya wani atisaye mai nauyi ne. Ga mai motsa jiki sosai, ƙungiyoyin masana abincin 'yan wasa sun ba da giram 1.2 zuwa 2.0 a kilo a matsayar da suka fitar a 2016.

A 2018 mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga wani nazari na Robert Morton da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada tare da abokan aikinsu. Sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan manya 1,863 masu ɗaga ƙarfe. Abu biyu suka fito. Na ɗaya, amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 a kilo, daga nan ƙari ba ya ƙara tsoka. Na biyu, wanda masu talla ba sa faɗa: bambancin da ke tsakanin masu shan ƙarin furotin da waɗanda ba sa sha, bayan makonni na atisaye, kusan giram 300 ne na tsoka a matsakaici. Ɗaga ƙarfen ne ya yi mafi yawan aikin.

To mu ɗauki yaro mai kilo 60. Idan ba ya atisaye, giram 51 ya ishe shi. Idan yana ɗaga ƙarfe da gaske, 72 zuwa 96. Ga yininsa:

Da safe ƙwai biyu, giram 12. Madara kofi ɗaya na mililita 250, giram 8. Burodi yanka biyu, kamar 6. Ya kama 26. Da rana shinkafa kofi biyu, wajen 8, da dafaffen wake kofi ɗaya, wajen 15. Ya ƙara 23. Da yamma gyaɗa cikin tafin hannu, giram 7, da yogot kofi ɗaya, kamar 8. Da dare kifi ko nama dafaffe giram 100, wato yanka mai faɗin tafin hannu ban da yatsu, wajen giram 25, da abin da aka haɗa shi da shi na hatsi, a ce 5. Jimilla 94. Ya kai giram 1.6 a kilo ko dab da haka, bai buɗe roba ba.

Abin da mutane ke mantawa a lissafi shi ne hatsi. Suna ƙirga nama da ƙwai kawai, su ce yaro ba ya samun furotin. Matashi mai cin abinci da yawa yana tara giram 20 ko fiye daga shinkafa da burodi da taliya kaɗai. Furotin hatsi yana da ƙarancin wani amino asid (ƙananan tubalan da ke haɗuwa su zama furotin) mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa, don haka idan suka haɗu a yini ɗaya sun cike wa juna gurbi. Ba lallai sai a kwano ɗaya ba.

Rabawa ta fi tarawa. Jiki ba shi da ma'ajiyar furotin kamar yadda yake da ta kitse. A ci ɗaya, kamar giram 0.3 a kilo ya isa ya tayar da aikin gina tsoka, wato giram 18 zuwa 20 ga yaron namu. Sau huɗu a yini, da tazarar awa uku zuwa huɗu, ya fi a tsallake karin kumallo sannan a narka giram 70 da dare. Abin da ya yi rara ba ya ɓacewa, amma ba ya zama damtse: hanta tana cire masa naitirojin ta mai da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari, sauran a ƙona shi a matsayin makamashi ko a ajiye. Kowane giram na furotin kalori 4 ne a ma'aunin makamashin abinci, daidai da na sitaci.

Ita kuma maganar dole a sha cikin minti 30 bayan atisaye, an zuzuta ta. Tsokar da aka wahalar tana nan a shirye ta karɓi furotin har awa 24 ko fiye. Wanda ya ci abinci awa biyu kafin atisaye, ya kuma ci bayan ya dawo gida, bai rasa komai ba.

Wani lissafin da ke kwantar da hankali: tsoka kusan kashi 75 ruwa ce, furotin kamar kashi 20 ne kawai. Kilo guda na sabuwar tsoka yana ɗauke da furotin wajen giram 200. Yaron da ya ƙara rabin kilo na tsoka a wata, kuma wannan ci gaba ne mai kyau, ya ajiye giram 100 ke nan a kwana 30. Ba ƙarancin kayan gini ne ke hana yawancin matasa murɗewa ba.

Abin da ke hana ƙwanji fitowa

Na farko balaga. Kafin ta kankama, yaro na iya ƙara ƙarfi sosai da atisaye, amma girman tsokar ba ya canzawa a zo a gani, domin ƙarfin yana zuwa ne daga yadda jijiyoyi ke koyon sarrafa tsokar. Sai sinadarin mazantaka, testostiron, ya hau sannan jiki yake fara cika. A wurin maza, lokacin da tsawo ya fi sauri yakan faɗo wajen shekara 13 zuwa 14, cikar tsoka kuma tana biyo baya da watanni. Amma tazarar tana da faɗi. 'Yan aji ɗaya, shekarunsu ɗaya, wani gemu ya fara fito masa, wani ko murya ba ta buɗe ba. Na biyun zai iya shanye roba goma bai kamo na farkon ba, har sai lokacinsa ya yi. Wannan shi ne yaron da ya fi shiga haɗari, domin shi ne zai ce furotin bai yi aiki ba, ya nemi abin da ya fi shi ƙarfi.

Na biyu tsarin atisayen. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na 2020, ta nuna cewa ɗaga nauyi ba ya hana yaro tsawo idan ana yi da kulawar wanda ya iya. Raunin da ake samu yawanci daga rashin iya riƙo ne, da ɗaukar abin da ya fi ƙarfi don nuna bajinta, da wasa da ƙarafa ba mai sa ido. Tsarin da ya dace mai sauƙi ne. Kwana biyu ko uku a mako, ba a jere ba. Ɗumama jiki minti 5 zuwa 10. Motsi shida zuwa takwas da suka game jiki duka: tsugunawa da miƙewa, tura ƙasa da hannuwa, rataya a sanda ana jan jiki sama, jawo nauyi zuwa ciki, ɗaga nauyi sama da kai, da riƙe tsokar ciki. Kowane motsi zagaye 1 zuwa 3, kowane zagaye sau 6 zuwa 15. A fara da nauyin jiki ko sandar da ba a ɗora mata komai ba. Idan yaro ya iya cika adadin sama a duk zagayen ba tare da ya karkace baya ko ya fizga ba, a ƙara nauyi da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ƙarin nan na sannu a hankali shi ne ke sa tsoka girma, kuma shi ne abin da matasa suka fi sakaci da shi: kullum damtse da ƙirji, nauyi ɗaya wata shida, ƙafafu ko oho. Littafin rubuta abin da aka ɗaga ya fi cokalin gari amfani. A kuma sani cewa a makonni huɗu zuwa takwas na farko ƙarfi ne ke ƙaruwa, madubi ba zai nuna wani abu ba tukuna.

Na uku yawan abincin gaba ɗaya. Matashin da ke tsawo, yana ƙwallo, yana ɗaga ƙarfe, yana ƙona makamashi mai yawa. Idan abincin bai kai ba, jiki zai ƙona furotin ɗin ya yi aiki da shi. Siririn yaron da nauyinsa ya ƙi motsi kusan kullum abinci ne bai isa ba, ba furotin ba. Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar: ayaba biyu da kofin madara da gyaɗa cikin hannu sun kai haka. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin a ci komai. Idan wata ya wuce allura ba ta motsa ba, a ƙara abinci.

Na huɗu barci. Awa 8 zuwa 10 ake so ga 'yan shekara 13 zuwa 18. Mai kwana a kan waya har ƙarfe biyu na dare ba shi da bakin zargin abinci.

Abin da ke cikin robar da ba a rubuta ba

Nan ne damuwata ta fi yawa. Furotin kansa ba ya cutar da lafiyayyar ƙoda a adadin da muka ambata. Matsalar ita ce ba a sa ido a kan waɗannan kayayyaki kamar yadda ake yi wa magani. A Amurka, inda manyan kamfanonin da yawa suke, dokar 1994 ta ba su damar kai kaya kasuwa ba tare da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gwada ta amince ba. Sai matsala ta ɓulla hukuma take bin sawu.

Ɗakin gwajin 'yan wasa da ke Kolon a Jamus, da tallafin Kwamitin Olamfik na Duniya, ya sayi kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001. Kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadarai dangin sitiroyid, wato magungunan kumbura tsoka, da ba a rubuta a jiki ba. Ba garin furotin kaɗai aka gwada ba, kayan 'yan wasa ne iri-iri, amma masana'anta ɗaya takan haɗa su da injina ɗaya. Mujallar Consumer Reports kuma ta gwada garin furotin a 2010 ta sami sinadarai masu guba, dalma da kadmiyom da asenik, a wasu. Ta sake gwaji a 2025, dalma ta sake fitowa, kuma na tsirrai suka fi yawanta, saboda tsiro yana zuƙo ta daga ƙasa. Cokali ɗaya jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne. Cokali uku kullum na shekaru, a jikin da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama girma ba, wani zance ne.

Akwai kuma algus. Gwajin da aka saba yi ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, naitirojin yake aunawa, sai a ninka da 6.25. Duk abin da ke da naitirojin zai ɗaga lambar. Don haka wasu kamfanoni sukan zuba amino asid masu araha irin su gilaisin, lamba ta hau, amfani bai hau ba. Wannan ɓarakar ce aka bi a Sin a 2008 aka zuba melamin, wani sinadarin masana'antu mai yawan naitirojin, a madarar jarirai, yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo.

Mai saye yana da 'yan dabaru. Ka raba giram na furotin da giram na cokali ɗaya. Idan 24 ne cikin 30, kashi 80 ke nan, ya yi. Idan 15 ne cikin 40, fiye da rabin abin da ka saya ba furotin ba ne. Ka duba jerin kayan haɗi, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Furotin ya zo farko, jerin kuma ya zama gajere. Idan ka ga an dunƙule abubuwa da yawa ƙarƙashin wani suna na haɗin sirri ba a faɗi adadin kowanne ba, ka ajiye. Ka nemi tambarin masu gwaji masu zaman kansu, NSF Certified for Sport ko Informed Sport, sannan ka shiga shafinsu ka tabbatar kayan yana cikin jerinsu, domin tambari ma ana buga na jabu. Robar da aka ɓalle hatiminta, ko garin da aka ɗibo daga babban buhu aka ƙulla ba suna ba kwanan wata, ba abin ba yaro ba ne.

Maƙwabtan furotin a kan kanta su ne suka fi shi haɗari. Garin ƙara nauyi yawancinsa sitaci ne da sukari, awo ɗaya kan haura kalori 1,000, ƙarshensa tumbi. Garin da ake sha kafin atisaye yakan ƙunshi kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin gahawa, miligiram 150 zuwa 300 a cokali. Hukumar kula da abinci ta Turai ta sa iyakar matasa a miligiram 3 a kilo a rana, wato 180 ga mai kilo 60, ka ga cokali ɗaya na iya wuce ta. Sakamakon shi ne bugun zuciya, rawar hannu, da rashin barcin da zai rushe abin da aka je nema. Masu watsa shi a baki a bushe don bidiyo sun ƙara da haɗarin shaƙewa. Kiriyatin, wani garin ƙara ƙarfin tsoka, shi ne aka fi bincike a kansa a wurin manya, giram 3 zuwa 5 a rana, kuma kilo ɗaya ko biyun da yake ƙarawa da farko ruwa ne. Ga 'yan ƙasa da 18, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta goyon bayan amfani da shi. Jihar New York ta hana sayar wa 'yan ƙasa da 18 kayan gina tsoka da na rage ƙiba tun Afrilun 2024, amma ta ware tsantsar garin furotin daga haramcin. Rabewar nan daidai take a ganina.

Sitiroyid da danginsu da ake kira SARMs kuwa babu wata tattaunawa. Suna iya rufe wuraren da ƙashi ke tsawo tun lokaci bai yi ba, yaro ya tsaya a inda yake har abada. Suna kawo ƙuraje a baya da ƙirji, fitowar nono ga namiji, ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, ciwon hanta, da saurin fushi. Duk robar da ta yi alkawarin kilo biyar na tsoka a wata, ko ƙarya take yi ko akwai irin waɗannan a ciki.

Wanda garin zai yi wa amfani

Akwai su. Matashin da ba ya cin nama da ƙwai da madara. Ɗan wasan da ke atisaye sau biyu a rana, ba shi da lokacin zama cin abinci a tsakani. Wanda ke zaune a inda ba shi ke zaɓen abincinsa ba, aka yi lissafi aka ga bai kai ba. Ga irin waɗannan, cokali ɗaya a rana, giram 20 zuwa 25, a cikin ruwa ko madara mililita 250 zuwa 300, a matsayin ciko. Ba ya maye gurbin karin kumallo. Garin da aka yi da madara ba shi da sinadarin ƙarfen jini kamar na nama da wake, ba shi da harzar da ke sa hanji aiki, kuma a shekarun nan jiki yana neman kalsiyom miligiram 1,300 a rana don ƙashi. Madarar gari ta yau da kullum ma tana iya yin wannan ciko: giram 30 na wadda aka cire wa kitse yana ba da furotin wajen giram 10, da kalsiyom a kai. Ɗanyen ƙwai kam a bar shi. Jiki yana narkar da kusan rabin furotin ɗinsa ne kawai, alhali dafaffe yana kai kashi 90, ga kuma haɗarin ƙwayar salmonela.

Idan ciki ya kumbura, ko iska ta yi yawa, ko zawo ya biyo baya, abu biyu ake zargi. Ko sukarin madara ne, wanda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya ba sa narkar da shi sosai bayan yarinta, ko kayan zaƙi irin su sobitol. A koma rabin cokali, ko a canza zuwa wanda aka tace sosai, ko na waken soya. Mai borin jini da madara, wanda jikinsa ke feso ƙuraje ko numfashi ya sarƙe, kada ya kusanci kowane irin na madara. Wasu matasan ƙurajen fuska kan ƙaru musu da garin madara, idan aka dakata makonni huɗu zuwa shida za a gane ko shi ne. Taurin bayan gida kuma alama ce ta cewa gari ya kori kayan lambu da ruwa daga abinci. A kaɗa a sha nan take, a wanke gorar da sabulu har cikin murfi. Wadda aka manta a jaka cikin zafi, warinta kaɗai ya isa ya nuna abin da ya tsiro a ciki.

Mai ciwon ƙoda, ko ciwon hanta, ko ciwon sukari, ko wanda yake kan wani magani na kullum, sai da izinin likita. Iyaye kuma su lura da yaron da ya daina cin abinci tare da jama'a, yana auna kowace loma, yana tsayuwa gaban madubi yana cewa shi ƙarami ne alhali kowa na ganin ya cika, yana zuwa atisaye da rauni a jiki. Wannan ba naci ba ne, larura ce da likitoci suka sani, kuma ta fi kama maza matasa. Idan kuma bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura da ciwon da ya wuce misali, fitsari ya koma launin baƙin shayi, tsokar ce ke narkewa tana zuba cikin jini, kuma tana iya toshe ƙoda. A tafi asibiti a ranar.